Ƙofar da Aka Bar wa Hukuma, Ɓarawo Ma Ya Santa

A farkon watan Disamba na 2024 jami'an tsaron Amurka suka tara 'yan jarida suka ba su saƙo su kai wa jama'a: duk mai son maganarsa ta tsaya tsakaninsa da abokin maganarsa, ya rage dogaro da kiran waya da saƙon tes na yau da kullum, ya koma manhajojin da ke kulle saƙo. Cikin masu wannan nasiha har da wani babban jami'in FBI, hukumar da ta yi shekara talatin tana kuka da irin waɗannan manhajoji, tana cewa sun toshe mata kunne, tana roƙon majalisa ta tilasta wa kamfanoni su bar mata hanyar shiga.

Abin da ya jawo haka shi ne wasu 'yan dandatsa da aka laƙaba wa suna Salt Typhoon, waɗanda Amurka ta ce gwamnatin Sin ce ta turo su, Sin kuma ta musanta. Sun kutsa cikin manyan kamfanonin waya na ƙasar, AT&T da Verizon da wasu, aƙalla tara a ƙidayar fadar White House. Sun kwashi bayanan wa ya kira wa, yaushe, daga ina. Sun hari wayoyin 'yan siyasa, har da na Donald Trump da JD Vance ana tsaka da yaƙin neman zaɓe. Wurin da ya fi ba ni mamaki cikin wuraren da suka shiga shi ne na'urorin da kamfanonin suka girka domin hukuma ta saurari waya idan kotu ta ba da izini. Wata doka ta 1994 mai suna CALEA ce ta wajabta wa kowane kamfanin waya ya gina wannan hanya. An gina ta domin 'yan sandan Amurka, sai ga 'yan leƙen asirin wata ƙasa suna zaune a cikinta suna kwafar bayanan waɗanda Amurka take bibiya.

Ni ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da ikon sauraron wayar kowa. Idan akwai hujja a kan mutum, alƙali ya duba ya sa hannu, a saurare shi, Allah ya ba da sa'a. Abin da ban yarda da shi ba wani abu ne daban da ake cusa mana a ƙarƙashin wannan suna: a raunana kullen kowa da kowa tun daga masana'anta, domin idan an buƙaci mutum ɗaya wata rana a same shi a buɗe.

Bambancin yana da sauƙin ganewa. Kiran waya na yau da kullum yana bi ta hannun kamfanin sadarwa, kuma kamfanin yana iya jin sa idan ya so, shi ya sa takardar kotu ta isa. Manhajoji irin su Signal, da WhatsApp tun watan Afrilu na 2016, suna kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa. Abin da ke wucewa ta hannun kamfani tarkacen lambobi ne marasa ma'ana, mabuɗin yana cikin wayoyin biyu. Ko an kai wa kamfanin takardar kotu goma, ba shi da maganar da zai miƙa. Saboda haka gwamnatoci suke cewa a sake fasalin manhajar, a yi mabuɗi na uku a ajiye, ko a bar wata ɓarauniyar hanya da hukuma kaɗai ta sani.

A ce yau an kafa doka a Kantin Kwari cewa kowane kwaɗon shago dole ya buɗu da mabuɗi guda, wanda za a ajiye a ofishin shugaban kasuwa saboda gobara ko binciken kayan sata. Niyyar ba ta da laifi. Amma daga ranar, dukiyar kasuwar gaba ɗaya ta rataya a kan amanar duk wanda ke shiga ofishin nan: shugaban, da sakatarensa, da mai shara, da yaron da aka aika ya yanko kwafi, da wanda zai gaji kujerar bayan zaɓe. Ɓarawo kuma ya huta da fasa shaguna ɗaya bayan ɗaya, aiki guda ya rage masa. Babu ɗan kasuwar da zai yarda da wannan. Mabuɗin kwamfuta ya ma fi na ƙarfe muni, domin ana kwafarsa daga wata nahiya, na asalin yana nan inda aka ajiye shi, babu alamar an taɓa.

An gwada abin, ba sau ɗaya ba. A 1993 gwamnatin Bill Clinton ta fito da wata 'yar na'ura mai suna Clipper da hukumar leƙen asiri ta NSA ta tsara, za a saka a wayoyi ta riƙa kulle magana, kwafin mabuɗin kowace waya kuma yana hannun gwamnati, an raba shi gida biyu tsakanin hukumomi biyu. A 1994 wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna cewa ana iya yaudarar na'urar ta kulle magana ta hana gwamnati hanyar buɗewa. Wato mai laifin da ya san kan abin zai zille, mai gaskiya ne kaɗai zai zauna a buɗe. Zuwa 1996 maganar Clipper ta mutu.

Labarin da ya kamata duk ɗan majalisar da zai yi magana a kan wannan batu ya sani shi ne na ƙasar Girka. Kamfanin Vodafone na can yana amfani da na'urorin haɗa kira na kamfanin Ericsson. A wani sabunta manhaja da aka yi, na'urorin suka zo da sashen sauraron waya na hukuma a cikinsu, ko da yake Vodafone bai sayi ɓangaren da ake sarrafa sashen da shi ba, don haka ba wanda ke duba shi. Yana nan kwance. Dab da gasar Olamfik ta birnin Atina a 2004, wasu suka shiga suka tashe shi. Suka saka lambobi fiye da 100 a ciki: Firaminista Kostas Karamanlis, da ministocin tsaro da harkokin waje da shari'a, da manyan hafsoshi, da 'yan jarida. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya, na'urar kan aika kwafin maganar zuwa wasu wayoyi 14 da aka saya ba suna. Masu kutsen sun rubuta manhajarsu yadda ba za ta bar sawu a rajistar na'urar ba. Wata da watanni ana haka. Abin da ya tona asirin ma kuskurensu ne: a watan Janairu na 2005 suka taɓa wani abu, saƙonnin tes na wasu mutane suka daina isa, injiniyoyi suka shiga neman dalili, a watan Maris aka gano. An ci Vodafone tarar yuro miliyan 76. Shekara goma bayan nan, a 2015, mai bincike na Girka ya ba da sammacin kama wani tsohon ma'aikacin ofishin jakadancin Amurka a kan lamarin.

A lura, ba wanda ya fasa wani kulle a Girka. Hanyar da aka gina wa doka ita aka bi, ta yi aikin da aka ƙera ta ta yi, ba ta tambayi wanda ya zo ko yana da takardar alƙali ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa da gangan magini ya bar tsagar.

Haka ta faru da kamfanin Juniper na Amurka, mai ƙera na'urorin tsare hanyoyin intanet na gwamnatoci da bankuna. A watan Disamba na 2015 ya sanar cewa ya tsinci rubutun da ba nasa ba a cikin manhajarsa. Da masana suka tona, sai suka ga kamfanin yana amfani da wata dabarar lissafi da NSA ta tallata, wadda tun 2007 ake zargin tana da ƙofar baya. Wani ya shigo a 2012 ya canza lamba guda a ciki, ƙofar ta koma tasa, aka yi shekara uku ba a sani ba.

Idan aka kawo wa 'yan siyasa waɗannan misalai, amsarsu ɗaya ce: ku masana ne, ku ƙara ƙoƙari, ku ƙera mana wadda mu kaɗai za mu iya buɗewa. A 2017 aka tambayi Firaministan Ostareliya na lokacin, Malcolm Turnbull, ko dokokin lissafi ba za su hana abin da yake so ba. Ya ce dokokin lissafi abin yabawa ne, amma dokar da ke aiki a Ostareliya ita ce dokar Ostareliya. An yi dariya, amma a shekara ta gaba majalisarsu ta zartar da dokar.

Ban raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Akwai masu lalata da ƙananan yara da ke musayar hotuna ta waɗannan manhajoji, akwai 'yan ta'adda, akwai dillalan ƙwaya. Ɗan sandan da ke riƙe da wayar wanda ya kashe mutane ya kasa buɗe ta, takaicinsa na gaske ne. Haka aka yi bayan harin San Bernardino na Disamba 2015 da aka kashe mutum 14: FBI ta kai Apple kotu tana so ya rubuta manhajar da za ta karya tsaron wayar maharin, Apple ya ƙi. Sai dai yadda shari'ar ta ƙare abin lura ne. A watan Maris na 2016 FBI ta janye ƙarar, domin ta sami wasu ƙwararru sun buɗe mata wannan waya guda. A 2020 'yan sandan Faransa da Holan suka kutsa EncroChat, wata hanyar sadarwa da manyan masu laifi ke biya da tsada, aka kama dubbai a Turai. A 2021 ya bayyana cewa wata manhajar sirri mai suna ANOM da 'yan ƙwaya suka amince da ita, FBI ce ke tafiyar da ita, aka kama mutum fiye da 800 a ƙasashe da dama. Aikin ɗan sanda ke nan: ya bi mai laifi inda yake, da wahala da dabara da kuɗi. Ba a taɓa wayar sauran jama'a ba.

Kuma ko da an tilasta wa WhatsApp ya buɗe ƙofa, lissafin da ake kulle saƙo da shi ba sirri ba ne. Yana cikin littattafan jami'a, manhajojinsa suna intanet kyauta tun da Phil Zimmermann ya saki manhajar kulle saƙo mai suna PGP a 1991. Babban mai laifi zai sauya manhaja cikin yini guda. Waɗanda za su zauna a wurin da aka huda su ne ni da kai da gwaggonmu mai aika saƙon murya.

Mu da muka taso a kan karatun addini ba baƙi ba ne a wannan muhawara. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin juna, kuma akwai hadisi a Abu Dawud cewa shugaba idan ya shiga neman abin zargi a cikin mutanensa, zai lalata su. Malamai ba su ce ƙofar a rufe take ruf ba. Mawardi, da yake bayanin aikin mai hisba, ya ce yana iya leƙawa idan wani amintacce ya ba shi labarin cewa ga wani can ya keɓe da mutum zai kashe shi, domin ɓarna ce da idan ta auku ba ta gyaruwa. Dubi sharuɗɗan: labari daga wanda aka yarda da shi, a kan mutum sananne, saboda haɗari takamaimai. Ba a ce ya huda katangar kowane gida a gari ya ajiye ko da za a buƙata ba. Wannan shi ne bambancin sammacin alƙali da ƙofar baya, an rubuta shi kusan shekara dubu kafin a ƙera wayar salula.

To, mu a nan fa? Duk lokacin da aka tada maganar, abin da ake fara jefo mana shi ne 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Wannan hujja tana da nauyi a zuciya, don ba gidan da abin bai taɓa ba ko ta kusa ko ta nesa. Amma duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka ɗauke wa mutum ya san yadda cinikin yake. Ana shimfiɗa tabarma a zaure, a ajiye ƙaramar waya a tsakiya a jone da caji kada ta mutu, kowa ya zuba mata ido, ba mai iya cin abinci. Idan ta yi ƙara a miƙa wa wanda ya fi kowa sanyin baki. "Yallaɓai, don girman Allah a duba mu, gonar muka sayar, abin da ya samu ke nan." Daga can a yi zagi, a ce a haɗo da babur da katin waya da buhun shinkafa, a kashe. Jibi a sake kira. Ana iya yin wata guda ana wannan, sau da yawa da layin wanda aka ɗauke, ko da lamba ɗaya da ba ta canzawa.

Wannan kira ba a kulle yake ba. Kiran waya ne na gama-gari, kamfani ya san ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauke shi, ya san layin, ya san wayar, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta masa ajiye irin waɗannan bayanai har shekara biyu. Tun Disamba 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da lambar NIN, tsofaffi suka yi ta bin layi a rana a lokacin korona, a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira, duka da sunan za a kama masu garkuwa. A Janairu 2024, lokacin da aka sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a Bwari, tsohon ministan da ya kawo tsarin, Isa Ali Pantami, da kansa ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da shi yadda ya kamata. A Satumba 2021 an datse sabis ɗungurungum a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan bindigar bakin iyaka suka koma layukan Nijar, wasu suka koma aiko da wasiƙa, talaka ya rasa yadda zai kira a kawo masa ɗauki.

Su waye ma suke ɓuya? A watan Yuli na 2022 aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka, a gaban taro, alhali 'yan sandan Katsina sun sa ladan naira miliyan 5 a kansa. Bello Turji yana sakin bidiyo da fuskarsa a buɗe. 'Yan jarida sun shiga daji da kyamara sun yi hira da su sun fito, abin da ya biyo baya shi ne aka ci Trust TV tarar naira miliyan 5. Yaransu suna baje kuɗin fansa a TikTok. Wanda zai gaya mini cewa kullen WhatsApp ne ya hana a kama waɗannan mutane, sai ya sake shiri. Matsalarmu ba rashin kunne ba ce. Ana ji, ana gani, abin da ke biyo bayan jin ne babu.

Kuɗin kunne kuwa ba a taɓa rasa su ba. A 2013 Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila domin sa ido a kan intanet. A ƙaramin kasafin 2021, zamanin Muhammadu Buhari, an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA naira biliyan 4.87 domin tatsar saƙonnin WhatsApp da kiran wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. A Disamba 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ke amfani da kayan kamfanin Circles, wanda ke gano inda waya take ya kuma saurare ta da lamba kawai, kuma tun kafin nan jaridu sun ruwaito cewa wasu gwamnonin kudu maso kudu sun sayi irinsa suna bibiyar abokan hamayya. Jam'iyya ta sauya, sha'awar ba ta sauya ba.

Idan kana son ganin inda kayan nan suke aiki da sauri, dubi 'yan jarida. Kwamitin kare 'yan jarida na duniya, CPJ, ya wallafa a 2020 yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kira suka kama 'yan jarida: a duba wanda ka fi kira, a kama shi, a sa shi ya kira ka ka zo. A Janairu 2019 sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri suka kwashi kwamfutoci saboda wani labari a kan shirin yaƙi. Ɗan jarida kan shiga hannu cikin kwanaki, mai karɓar kuɗin fansa ya yi shekaru da layinsa.

Wani dattijo da nake ganin girmansa ya taɓa katse ni a kan wannan magana. Ya ce, "Kai yaro, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Ni su saurara mana, me zan ɓoye?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ai kullum bayan salla ina jin kana roƙon Allah ya rufa asiri, kuma na san ba sata ka yi ba." Ya yi dariya ya ce in tashi in ba shi wuri. Mutum yana da abin rufewa ba tare da ya yi laifi ba: bashin da ake bin sa, cutar da likita ya gaya masa, abin da 'yarsa ta faɗa wa uwarta game da gidan mijinta, farashin da ya sayo kaya, lambar sirrin asusunsa. Kullen da ke tsare hirar WhatsApp danginsa ne ke tsare kuɗin da kake turawa ta waya.

Akwai kuma wanda ya fi kowa buƙatar kullen, ba a cika tuna shi ba: mutumin ƙauye da ke son tsegunta wa jami'an tsaro inda 'yan bindiga suka kwana. Kowa a yankunan nan ya san abin da ake nufi da infoma, ya kuma san ƙauyukan da aka ƙona saboda an ce wani a cikinsu ya kai rahoto. Wannan bawan Allah, idan saƙonsa yana bi ta wata hanya da ma'aikata da yawa za su iya leƙawa, ransa yana hannun mafi ƙarancin amana a cikinsu. Ɗan bindiga yana da bindiga da daji. Mai kai rahoto ba shi da abin kariya sai sirri.

Wa zai riƙe mabuɗin a ƙasar da bayanan NIN suka zama hajar kasuwa? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan naira 100, har ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, ai wannan ya fi tayar da hankali, domin yana nufin ta hannun waɗanda aka ba izinin shiga abin ya zube. Amurka da duk kuɗinta da ƙwararrunta ta kasa tsare tata ƙofar.

Ga wani abin da masu goyon bayan ƙofar baya a cikinmu ba sa lissafawa: ko an yi ta, ba a hannunmu mabuɗin zai zauna ba. Ba mu muke ƙera wayoyin ba, ba mu muke rubuta manhajojin ba. A farkon 2025 ya fito fili cewa gwamnatin Birtaniya, a ƙarƙashin dokarta ta 2016, ta aika wa Apple umarni a asirce cewa ya buɗe mata hanyar shiga bayanan da mutane suka kulle a rumbunsa, kuma ba na 'yan Birtaniya kaɗai ba, na kowa a duniya. Har da na mai iPhone a Kano ko Maraɗi, wanda bai zaɓi kowa a Landan ba, ba shi da kotun da zai kai ƙara. Apple ya gwammace ya janye wannan kariya daga Birtaniya a watan Fabrairu. Da ya yi abin da aka ce, da wace hujja zai hana Sin ko Rasha ko Indiya gobe?

Mun ma taɓa sayen irin wannan haja. Kamfanin Crypto AG na Suwizalan ya yi shekaru yana sayar wa gwamnatoci fiye da 120 injinan kulle saƙonnin soja da na jakadanci, kowa ya amince da shi saboda ƙasarsa 'yar ba-ruwanmu ce. A Fabrairu 2020 aka tabbatar cewa tun 1970 hukumar CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma ne suka mallaki kamfanin a ɓoye, suna raunana injinan da gangan. Da su aka riƙa karanta saƙonnin Iran da Libiya da Ajantina da Masar. Najeriya ma ta sayi lodi guda. Takardun Jamusawan sun ce da aka shekara biyu ba a ji komai daga gare mu ba, sai aka turo wakili ya duba, ya tarar da injinan a sito ko kwalinsu ba a buɗe ba. Sau ɗaya dai sakacinmu ya yi mana rana.

Abin da ya dace mu nema daga 'yan majalisarmu ya fi kusa da gida. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci hirar waya da sunanta cikin abubuwan da aka tsare wa ɗan ƙasa. Amma ƙa'idojin da ake sauraron waya da su a yau ba majalisa ce ta yi muhawara ta zartar ba, hukumar NCC ce ta fitar da su a 2019. Sun ba ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da hukumar DSS damar neman izinin alƙali, sun kuma ba da damar a fara sauraro ba izini idan an ce akwai gaggawa ko barazana ga tsaron ƙasa, a nemi takardar cikin awa 48. A ƙasar da rubutun Facebook kan zama barazana ga tsaron ƙasa, wannan rami ne mai faɗi. Ya kamata abin ya koma doka ta majalisa, a ƙuntata ma'anar gaggawa, a sa hukunci mai zafi a kan jami'in da ya saurari wanda ba a ba shi izini ba ko ya fitar da abin da ya ji. A kuma riƙa gaya wa jama'a duk shekara izini nawa aka nema, nawa alƙalai suka ƙi, mutum nawa aka gurfanar a dalilinsa. Kotunan Amurka suna wallafa irin wannan ƙidaya kowace shekara, ba ta taɓa hana su kama kowa ba. Da irin wannan ƙidayar ce kawai za mu san ko biliyoyin nan masu garkuwa suke bi ko masu suka.

Ga waɗanda ke kan mulki yau suna ganin su ne za su riƙe kunnen har abada, maƙwabta sun isa misali. A ƙarshen watan Mayu na 2020 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar tatsar sadarwa da sunan yaƙi da ta'addanci, 'yan adawa suka fice daga zauren. Dokar ta sa ikon ba da izinin sauraro a hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba. Mohamed Bazoum ne ministan cikin gida a lokacin, shekara ta gaba ya zama shugaban ƙasa. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun da ke gadinsa suka tsare shi, aka rusa majalisar da ta yi dokar, aka jingine tsarin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani ya hau kujerar. A watan Yuni na 2024 kotu ta cire wa Bazoum rigar kariya, kuma cikin abubuwan da ake tuhumarsa da su har da maganar da ya yi ta waya da shugaban Faransa Emmanuel Macron da sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Antony Blinken, yana tsare.